An Sallame Shi Ranar Talata

Port Alder, 19 ga Yuli

'Yata Renata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mutanen jirgin ruwanku. Ni ma lafiya lau, ban da gwiwar nan da kika sani. Likita ya ce hawan jinin ya ɗan sauka, ya ce in rage gishiri, na ce masa to. Na'urar kunnena ta sake lalacewa, saboda haka kada ki wahalar da kanki da wayar bakin tasha, in kin kira ma ba zan ji ƙararta ba. Ki rubuto kawai. Ni ma zan riƙa aikawa ta Detroit, kwalekwalen gidan waya ya ɗora miki a bokiti kamar kullum.

An buɗe sansanin horon ƙungiyarmu ta ƙwallon Amurka ranar Juma'a, ni na kai Casey da kaina. Da muka isa ƙofa ɗan naki ya tambaye ni ko rigarsa ta yi masa kyau. Mutum tamanin aka tara, hamsin da uku za a riƙe a ƙarshen Agusta, sauran kowa ya kama gabansa.

Ina zuwa kallo kowace safiya. Tilley mai jefa mana ƙwallo ya ƙara ƙiba, amma hannunsa na nan. Damuwata ƙattin da ke tare masa gaba: biyu sun tsufa, na ukun sabo ne da har yanzu bai san hagunsa da damansa ba. A shagon askin Sal kowa cewa yake bana kofi namu ne. Bara ma haka suka ce. Ni cin wasa tara cikin sha shida na ba mu, in Allah ya tsare ƙashin Tilley.

Sai maganar da kike jira. Mai bugu, wato mai harba ƙwallo da ƙafa tsakanin sanduna, ɗaya tak ƙungiya ke riƙewa, kuma shekara goma sha huɗu ke nan Duane Halvorsen yana zaune a wurin. Yanzu ga shi ga Casey. Jiya an jera su. Halvorsen yana bugu kamar mai saka wasiƙa a akwati, ba ƙarfi, ba kuskure. Shi kuwa naki, ni da ba na jin ƙarar waya na ji bugunsa daga inda nake zaune. Babu wanda ya san jikana ne, tunda sunan ubansa, Dudek, yake amsawa, ni ma ban faɗa wa kowa ba. Na fi son in ji abin da mutane ke cewa tsakaninsu da Allah.

Mahaifinki,
Leon

*

Jirgin Alma Sorensen, Tafkin Superior, 26 ga Yuli

Baba,

Na samu wasiƙarka, na gode. Ina lafiya. Mun ɗauko tama daga Duluth, ruwa a kwance yake, maza ashirin da takwas da nake dafa wa suna cin abinci kamar an ce gobe za a hana. "To" ɗin da ka ce wa likita na san irinsa. Ka rage gishirin da gaske, kuma ka kai na'urar nan gyara.

Ka cika min takarda da Tilley da ƙattinsa. Baba, shekarata arba'in da bakwai a gidan da ake kallon wasan nan, har yau ban san dalilin da ya sa suke tsayawa kowane minti ba. Abin da nake son ji shi ne: yana cin abinci? Yana barci? Ƙafar da ta kumbura a watan Mayu ta saɓe?

Ka tuna dai yadda aka yi na yarda tun yana sakandare. Bayan rasuwar ubansa na ce ba zai yi ƙwallo ba, kai ka zaunar da ni a kicin ka ce mai bugu ba a taɓa shi, bugu ɗaya yake yi ya koma benci da rigarsa fes. A kan wannan maganar taka nake kwana a jirgin nan.

Duk jirgi sun san ɗana yana sansani. Arlo, babban injiniyanmu, ya manna hotonsa a jikin firji, ya ce in an riƙe shi sai na yi wa jirgi kek mai hawa uku. Ka gaida min shi. Na gwada wayar ɗakin kwanansu daga Duluth, wani ya ɗauka ya ce bai san wani Casey ba.

'Yarka,
Renata

*

Conneaut, 2 ga Agusta

Baba,

Ina fatan kana lafiya. Ni lafiyata ƙalau, raina ne a ɓace.

Jiya Litinin da la'asar muka wuce ta gaban Port Alder, kusa sosai har ana hango bututun tsohuwar masana'antarku. Ina murza fulawa, Arlo ya kunna rediyon ɗakin cin abinci, ya kamo shirin Rafferty, wanda masu saurare ke bugo waya. Sai na ji an ce, "Ga Leon na Unguwar Tasha." Har na yi murmushi, na goge hannu na leƙo.

Ga abin da na ji da kunnena, kada ka ce an ƙara. Ka ce, "Yaron nan Dudek yana da ƙafa, amma ƙafa daban, bugu daban. A riƙe Halvorsen. Yaro ya je wani wuri ya ƙara shekara biyu."

Kowa a ɗakin ya san wane ne Dudek. Arlo ya buga tebur ya ce, "Ku ji min tsohon banza. Da zan gan shi, da na cusa masa wayar a baki." Na ce masa, "Ubana ne." Ya ajiye gahawarsa ya sauka ɗakin inji. Ranar babu wanda ya nemi ƙarin abinci.

Me ya yi maka? Kai ka saya masa ƙwallonsa ta farko, kai ka kafa masa sanduna a bayan gida da bututun famfo. Garin nan kaf babu wanda zai tsaya masa, ba a zaɓe shi daga jami'a ba, roƙo aka yi aka ba shi gwaji. Mutum ɗaya yake da shi a bakin filin nan, shi ma ya hau rediyo ya ce a kore shi. In ba za ka yabe shi ba, ai kana iya yin shiru. Shekara ashirin kana kiran shirin nan, Litinin ɗaya ba za ta kashe ka ba.

Renata

*

Port Alder, 8 ga Agusta

'Yata,

Na gaishe ki. Gwiwa da sauƙi, na'ura tana wurin mai gyara. Wasiƙarki ta zo, na karanta sau biyu. Ki gaya wa Arlo bakina yana nan, ya zo da wayar.

Ban musa ba, ni na faɗa. Rafferty ne ya tambaye ni kai tsaye, Halvorsen ko sabon yaron, ni kuma ban iya kwana-kwana ba. Ga abin da idona ya gani. Daga yadi hamsin Casey ya fi kowa a sansanin nan. Amma daga yadi talatin, in iska ta taso daga tafki, ƙwallonsa tana karkata hagu. Na ƙirga: bakwai cikin ashirin sun kauce. A Agusta ke nan. Ki kwatanta Disamba, ƙanƙara tana zuba, saura daƙiƙa uku, mutum dubu saba'in a tsaye.

Ba za ki tuna yaron da aka riƙe kafin Halvorsen ba. Shi ma ƙafa gare shi. Ya zubar da bugu ɗaya a wasan ƙarshe, aka jefe shi da ƙanƙara har cikin ramin da 'yan wasa ke bi su bar fili, aka fasa masa gilashin mota, matarsa ta daina zuwa kasuwa. Washegari ni ma na kira rediyo na ce a saka shi a bas. Na san garin nan, domin ni ne garin. Ba na so su samu Casey tun bai nuna ba.

Na ga Casey ranar Laraba ta bayan wayar shingen fili. Ashe sun ji shirin a ɗakin kwana, abokansa suna ta kwaikwayon muryata. Na tambaye shi ko ya ji haushi. Ya ce, "Kaka, ba ka yi ƙarya ba. Amma da ka bari na ji daga bakin koci." Ya koma fili, ni kuma na tsaya riƙe da wayar shingen.

Yana cin abinci, ƙafar ta saɓe. Wasan gwaji na farko ya saka biyu cikin uku. Asabar mai zuwa za a yi na biyu a gida, zan je.

Mahaifinki,
Leon

*

Kati, ta hannun jirgin kayan abinci na mashigar Soo, 17 ga Agusta

Renata, ofishinku sun ce an juya ku tashar Gary, shi ya sa na aiko ta nan. An sallame shi ranar Talata. Yana gida wurina, yana kwance, ba ya son hayaniya. Ki kwantar da hankalinki, abin ya wuce. Leon.

*

Gary, 19 ga Agusta

Baba,

Ina lafiya. Katinka ya same ni a Soo, cikin kwalin kabeji.

To, ka samu yadda kake so. Ko ƙarshen wata ba su jira ba. Layi uku ka rubuto min, kai da kake cika shafi biyu a kan ƙibar Tilley. Ko ta yaya suka gaya masa? Wa ya ɗauko shi? Ya yi kuka? Ka ce abin ya wuce. A wurinka ya wuce. Shi tun yana ɗan shekara tara yake bugu a bayan gidanka har duhu ya hana shi ganin sanduna.

Na kira gida sau huɗu daga bakin tashar nan, tana ta ringin. Na san kai ba ka ji, amma shi yana ji, ya ƙi ɗauka ne. Wannan ya fi komai ci min rai. Yaron da ko gwiwa ya kurje sai ya neme ni, yau ba ya son jin muryata.

Ba na cewa koci yana sauraren Leon na Unguwar Tasha kafin ya yanke hukunci. Amma gari yana saurare, kuma da gari ya so shi, da sun yi tunani sau biyu. Na cire hotonsa daga firji don kada mutane su riƙa sunkuyar da kai in sun zo ɗaukar madara. Arlo ya ce akwai ƙungiyoyi a Kanada, na ce masa ya bar ni.

Za a riƙe mu a hanyar Gary har sawu biyu, ban san ranar da za mu sake bi ta Detroit ba. Ka dafa masa miyar kaza irin ta Mama. Kuma don Allah kada ka yi masa bayanin iska da karkata hagu. Ya ji isasshe.

Renata

*

(Wannan ta kwana goma sha ɗaya a Detroit kafin ta isa jirgi.)

Port Alder, 14 ga Agusta

'Yata Renata,

Ki zauna kafin ki karanta. Zan fara da abin da ya fi muhimmanci: Casey yana da rai, yana magana, yana motsa hannu da ƙafa. Yana asibiti. Daga can nake yanzu.

Jiya a wasan gwaji aka ba shi bugun buɗe wasa bayan hutun rabin lokaci. Ya buga da kyau, amma wanda ya cafe ƙwallon ya samu ƙofa, ya wuce mutanenmu goma, ya rage daga shi sai Casey. Yawancin masu bugu a irin wannan hali sukan yi kamar sun gwada, su faɗi gefe. Naki ya sunkuyar da kai ya tare shi gaba da gaba. Mutumin ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Ya kayar da shi kuwa, amma gwiwar mutumin ta same shi a hular kwano. Kowa ya tashi, shi bai tashi ba.

Minti huɗu yana kwance, na duba agogon fili. Ina tsaye a layin kujeru na talatin da ɗaya. Wani a bayana, da giya a hannu, ya ce wa abokinsa, "To, maganar mai bugu ta warware kanta." Bai faɗa da mugunta ba, Renata. Irin maganar da ni ma na sha faɗa ce a kan 'ya'yan mutane, shekara arba'in, a kujerar nan.

Da suka ɗora shi a gadon ɗauka ya ɗaga babban yatsa. A ƙofar rami mai gadi ya hana ni shiga, na ce jikana ne, ya ce kowa haka yake cewa. Halvorsen ne ya fito da kayan wasa a jikinsa, ya dube ni, ya ce a bar ni in wuce. Ban san yadda ya gane ba, wataƙila fuskata ce.

Likita ta ce ƙwaƙwalwarsa ta girgiza, amma hoto bai nuna jini ba, wuyan ma lafiya. Za su riƙe shi kwana biyu ko uku su gani. Ya tambaye ni sau biyar ko ya tare mutumin, ina ba shi amsa yana mantawa. Yau da safe ya daina maimaitawa, ya ce kada in gaya miki. Na ce masa wannan kam ba zan iya ba.

Ni na ce miki ba a taɓa mai bugu. Na san ba haka ba ne ɗari bisa ɗari, na faɗa ne don ki bar shi ya yi. Ki yafe min. Da zarar an sallame shi daga asibiti zan aiko miki.

Mahaifinki,
Leon

*

Toledo, 26 ga Agusta

Babana,

Ina lafiya, yanzu kam da gaske. Ina fatan kai ma haka.

Jiya da hantsi muka bi ta Detroit, bokiti ya hau da wasiƙarka ta ranar sha huɗu. Ina soya albasa na buɗe ta. Na kai wurin minti huɗun nan, sai na zauna a kan buhun dankali. Albasa ta ƙone, hayaƙi ya cika kicin, Arlo ya shigo da abin kashe gobara. Na miƙa masa takardar ya ƙarasa min. Da ya kai layin ƙarshe ya tsaya, ya ce in kawo katin. Muka ajiye su gefe da gefe. Ya ce, "Renata, asibiti ne ya sallame shi, ba ƙungiya ba."

Ban san abin da na yi ba, dariya ko kuka. Kwana takwas ina makokin aikin ƙwallo, ashe yarona a gadon asibiti ya kwana uku ban sani ba. Kuma tsoron da ya kamata in ji, ya zo min tare da maganinsa a rana ɗaya, tunda katin ya riga ya gaya min yana gida. Da a jere suka zo, da na sauka daga jirgin nan ko da iyo ne.

Muna ɗaurewa a nan na ruga waya. Ya ɗauka da kansa. Ya ce likita ce ta hana shi hayaniya, kai kuma ka zare wayar daga bango ka manta ba ka mayar ba. Ya ce ciwon kan ya tafi, an sake duba shi, ya koma fili tun Litinin. Ya ce kwana uku kana zaune a kujerar asibiti da gwiwar nan, kuma miyar kazar da ka yi ba ta ciwuwa don gishiri. Na tambaye shi me ya sa bai faɗi gefe ba kamar sauran. Ya ce, "Mama, ba kowa a bayana." Na ce nan gaba ko da akwai ko babu, ya faɗi gefe.

Wasiƙata ta Gary tana hannunka, ba ni da yadda zan dawo da ita. Akwai abin da na faɗa a ciki da ba ka cancanta ba. Maganar rediyo dai har yanzu ina ganin da ka yi shiru, amma sauran ka jefa a murhu. Na yafe maka maganar kicin. Ni ma na san ba gaskiya ce duka ba, na so in yarda ne.

Yanzu kuma ban san abin da zan roƙa ba. Su riƙe shi, ko su sake shi ya dawo gida da kansa lafiya? Ranar Lahadi ko Litinin za a yanke, in ji shi. Ka rubuto dogo. Kada ka sake aiko min da layi uku.

'Yarka,
Renata

*

Port Alder, 30 ga Agusta

'Yata,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina lafiya, an gyara na'ura, yanzu har kukan firji nake ji, ban san haka yake damun mutane ba. Wasiƙun naki biyu sun zo. Ta Gary ban ƙone ta ba, tana cikin aljihun tebur. Rabinta gaskiya ne.

Ba zan ja miki rai ba: an riƙe shi.

Jiya da safe na je bakin wayar da ke kewaye da wurin ajiye motocin 'yan wasa. Mu kusan talatin ne, kowace shekara muna zuwa. Yadda ake ganewa, wanda aka sallama yana fitowa da baƙar leda ta shara, kayansa a ciki. Tun ƙarfe takwas suke fitowa ɗaya bayan ɗaya, mutanen kusa da ni suna cewa wannan daidai ne, wancan kuskure ne. Ni ban ce komai ba, har Sal ya tambaye ni ko ba ni da lafiya.

Wajen sha ɗaya Halvorsen ya fito, hannu ba komai. Na ce shi ke nan, na fara shirya abin da zan gaya wa yaro. Sai ga Casey a bayansa, shi ma hannu ba komai. Na tsaya ina neman ledar, na zaci ya manta ta a ciki. Ya zo bakin waya ya ce, "Mu biyu, Kaka."

Ga yadda abin yake. Bana an ja wurin bugun buɗe wasa baya da yadi biyar, ƙafar Halvorsen kuma ba ta kai wa. Saboda haka shi zai ci gaba da bugun maki tsakanin sanduna, Casey kuma ya riƙa bugun buɗe wasa, da duk wanda ake yi bayan an ci. Koci ya gaya masa mako-mako ne, ba alkawari. Halvorsen ya ce zai gyara masa inda yake dasa ƙafar hagu, ya ce daga nan karkatar take. Ni shekara goma sha huɗu ina kallon bugun Casey ban gano haka ba.

Wurin da aka ba shi na wani ne. Odell Briggs, shekara tara yana tare mutane a ƙungiyar nan, shi aka sallama don a samu gurbi. Ya fito da ledarsa, matarsa tana jira a mota. Na cire hulata da ya wuce, abin da na iya ke nan.

Shagon Sal ya rabu biyu. Wasu na cewa masu bugu biyu ɓarnar gurbi ne alhali ƙattin gaban Tilley kamar ƙofar da ba sakata. Ba su yi ƙarya ba. Wasu kuma tun ranar da ya tare mutumin nan suke kiransa namu. Har yanzu wasa tara na ba mu. Jiya Litinin ce, ban kira rediyo ba. Na ɗauki waya, na ajiye, na je na shayar da tumatir.

Lahadi za a buɗe kakar wasa, ƙarfe ɗaya na rana. Ki fara neman fulawar kek.

Mahaifinki,
Leon

*

Tafkin Huron, 5 ga Satumba

Baba,

Ina gaishe ka, ina gaida Casey. Ina lafiya. Sanyi ya fara shigowa da safe, ka fito da bargon ulu.

Mun ji wasan. Muna tsakiyar tafki, tashar tana zuwa tana ɓacewa, Arlo ya ɗaura wata waya daga tagar ɗakin cin abinci har saman bene. Duk wanda ba ya bakin aiki ya zo, har kyaftin ya leƙo ya ce wai gishiri yake nema.

Kafin a fara na ce wa Arlo ni ba zan saurara ba, zan shiga ɗakin sanyi in rufe ƙofa. Ya zaunar da ni, ya jera kwalaben barkono a tebur, ya nuna min abin da kai ba ka taɓa gaya min ba duk shekarun nan. Ashe in bugun ya yi nisa har ya faɗa can ƙuryar fili, wanda ya cafe sai ya durƙusa da gwiwa ɗaya, alƙali ya busa, shi ke nan. Ba gudu, ba karo, ba wanda ya taɓa kowa. Na ce ya maimaita, ya maimaita. Na ce to me ya sa ba kullum ake yin haka ba? Ya ce don ba kowa ke da ƙafar ɗanki ba.

Sai na zauna. Na farko, mai sharhi ya ce ta tafi, ta tafi, ya durƙusa. Ɗakin ya ɗauki tafi. Na biyu haka. Na uku iska ta riƙe ta, mutumin ya taso da gudu, tashar kuma ta ɓace daidai nan. Na riƙe hannun Arlo, yau da safe ya nuna min shaidar farcena. Da murya ta dawo an ce an tare shi a yadi ashirin da biyu, wani ne ya tare shi, ba Casey ba. Na huɗu ya durƙusa.

Na san an ci mu, su maki ashirin, mu sha bakwai. Na ji an kayar da Tilley sau shida, ƙattin naka sun yi yadda ka ce. Mutanen jirgi sun tashi kamar an yi musu mutuwa, ni kuwa na shiga kicin ina waƙa, na fito da kek, hawa uku kamar yadda aka yi alkawari. Wani matuƙi ya ce bai taɓa cin kek ɗin rashin nasara ba. Na ce ya ajiye in ba ya so. Ya ci biyu.

Yanzu ni ma na san wasan, saboda haka ga saƙo ka kai wa jikanka, kada ka rage ko kalma. Ba ruwana da wasa tara, ba ruwana da kofi. Jiya uku cikin huɗu ya yi. Lahadi mai zuwa duka nake so.

'Yarka,
Renata